Fuskar Sarki a Fentin Mai: Daga Istanbul Zuwa Samaru

 

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata da ke zaune a Jushi, cikin Sabon Garin Zariya, ya iske ni bayan sallar la'asar, fuskarsa babu walwala. Yaro ne da Allah Ya yi wa baiwar hannu. Tun yana firamare, in ka yi zaman minti goma a gabansa, sai ya miƙo maka kamanninka a bangon littafin lissafi. Ya ce, "Kawu, ina son in nemi sashen zane a Samaru, in koyi aiki da fentin mai, ko wata rana na zana Mai Martaba irin yadda Turawa ke zana sarakunansu. To amma abokaina na Islamiyya sun ce in na yi haka na sayi wuta da kuɗina." Ban ba shi fatawa ba, don ba fagena ba ne. Abin da na ce masa shi ne, kafin ya durƙusa gaban malami da wannan tambaya, ya fara sanin ainihin abin da yake son koya, daga ina ya fito, kuma ta wace hanya ya biyo har ya sauka a Samaru. Abin da na tattaro masa ne nake son mai karatu ma ya gani, domin na tabbata ba shi kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya ba.

Sana'ar kanta

Fentin mai ba wani abu ba ne illa garin launi, na ƙasa ko na ma'adini, da aka kwaɓa da man tsirrai, galibi man irin kittani. Gwanayen yankin Beljiyam ta yau, irin su Jan van Eyck, su ne suka kai shi ƙololuwa a ƙarni na 15. Falalarsa ita ce ba ya saurin bushewa, saboda haka mai zane na iya yini guda yana gyara inuwar da ke ƙarƙashin ido ɗaya, yana narkar da launi cikin launi har a rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Wannan falala kuwa ita ce wahalarsa.

Almajirin wannan fanni ba ya taɓa launi a farkon zuwansa. A makarantun Turai, waɗanda daga gare su aka kwafo tsarin, sai ya yi watanni da gawayi yana zana tulu da kwalba da kawunan da aka zuba da farar ƙasa, har idonsa ya daina ganin "hanci" da "baki", ya koma ganin haske da inuwa kawai. Daga nan a zaunar masa da mutum mai rai. Zai koyi cewa idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama ba kamar yadda kowane ɗan koyo ke sa su, ya kuma koyi ƙasusuwan da ke ƙarƙashin fata. Sai bayan wannan a bar shi ya ɗaure yadi mai kauri a firam ɗin katako, ya shafe shi da danƙo da farin shafe don kada mai ya cinye zaren, ya fitar da siffa da launin ƙasa-ƙasa tsinkakke. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: shafen farko ƙarancin mai, kowane shafe na bisa ya fi na ƙasansa mai. Wanda ya juya wannan tsari, bayan 'yan shekaru zai ga zanensa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. In an gama, akan jira wata shida ko fiye kafin a shafa man ƙyalli na ƙarshe.

Wannan duk koyon zana mutum ne. Zana sarki wani darasi ne daban, kuma a nan ne batun ya fara shafar mu. A 1701 Hyacinthe Rigaud ya zana Sarkin Faransa Luwi na 14, zanen da ke gidan tarihi na Louvre a Faris, wanda tsawonsa ya kusa mita uku. Sarkin ya haura shekara 60 a lokacin, amma ƙafafun da aka yi masa na saurayi ne. An tsayar da shi gaban ginshiƙi da labule ja, alkyabba ta malala har ƙasa, takobi a kwiɓi, kambi a gefe, yana duban mai kallo daga sama. Fuskar ma a wani ɗan ƙyalle daban aka zana ta, sannan aka haɗa da babban yadin, domin sarki ba shi da lokacin tsayuwa a zana masa riga. Wato dai mutumin kaɗan ne a cikin zanen. Saura duk sarauta ce. Mai koyon wannan aiki yana koyon yadda mulki ke son a gan shi, kuma manufar zanen tun asali ita ce ya tsaya a madadin sarki a inda sarki ba ya nan, a shigo a rusuna masa.

Sarakunan Musulmi da buroshin Turawa

Da yawa daga cikinmu na zaton Musulmi ba su san wannan abu ba sai da mulkin mallaka ya zo. Ba haka ba ne. Sultan Muhammad al-Fatih, wanda ya buɗe Ƙusɗanɗiniyya a 1453, da ya yi sulhu da birnin Banis na Italiya a 1479, cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa gwanin zane. Aka aiko Gentile Bellini. Zanen da ya yi wa Sultan na ɗauke da kwanan wata, 25 ga Nuwamba, 1480: farin rawani a kan jar hula, dogon hanci, fuska mai alamar rashin lafiya, an kewaye shi da bakan gini, ga kambuna uku-uku a gefe da gefe. Watanni kaɗan bayan haka, a 1481, Sultan ya rasu. Wani Ba'italiye da ya zauna a fadar, Angiolello, ya ruwaito cewa ɗansa Bayazid na 2, wanda ya fi mahaifinsa taka-tsantsan a wannan babi, ya sa an fitar da irin waɗannan zane-zane an sayar a kasuwa. Zanen ya ɓace har sai da wani Bature, Layard, ya saye shi a Banis a 1865, kuma tun 1916 mallakin babban gidan zane na Landan ne. Uba ya nema, ɗa ya fitar. A cikin gida ɗaya ke nan, kuma kusan duk tarihin wannan sana'a a ƙasashen Musulmi haka ya ci gaba da tafiya.

A ƙarni na 19 Sultan Mahmud na 2 ya sa aka riƙa rataye zanensa a barikokin soja da ofisoshin gwamnati, da biki da harba bindiga. Malamai da talakawa da dama ba su ji daɗi ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa wasu suka riƙa kiransa sarkin kafirai a bayan idonsa. A Farisa kuwa, Fatahu Ali Shah, wanda ya yi mulki daga 1797 zuwa 1834, ya sa Mihr Ali da wasunsa sun yi ta zana shi da fentin mai, tsawon mutum sosai, gemu har ƙugu, yana aika wa sarakunan Turai a matsayin kyauta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halifan Usmaniyya na ƙarshe, Abdulmajid na 2, wanda aka kora a 1924 kuma aka binne a Madina, shi kansa ƙwararren mai zane ne da fentin mai.

Mu kuma a nan?

A ƙasashenmu sarauta ta bi wata hanya da ta saɓa wa ta Luwi baki ɗaya. Can ana nuna fuska don a girmama ta, nan kuwa ɓoye ta ake yi. Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin cewa sarkin Barno na zamaninsa ba ya bayyana ga jama'a, ta bayan labule yake magana. Har gobe in Sarkin Zazzau ya fito hawan Sallah, amawali ya rufe baki da haɓa, dogarai na buɗe manyan rigunansu su kare shi in zai hau ko zai sauka. Abin da ido ke gani shi ne rawani mai kunne biyu, alkyabba, laima, da adon doki. Kamannin mutumin kuwa, halinsa, asalinsa da abin da ya yi, an bar wa baki: kirari, take, da waƙar makaɗan fada. In ana neman zanen sarki na Bahaushe, a kunne yake.

Ba don hannu ya gaza ba ne. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Malam Mika'ilu Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ya ɗaga kai ya dubi bakunan rufin da zayyanar bango, ya san ƙasar nan ba ta rasa masu ido da hannu ba. Haka wanda ya ƙura wa aska takwas ido a ƙirjin babbar riga. An dai karkatar da baiwar ne zuwa ga abin da ba shi da rai. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci: da Turkawa suka so su "zana" Manzon Allah (SAW), sai gwanin rubutu Hafiz Usman, wanda ya rasu a 1698, ya tsara siffofinsa da aka ruwaito a hadisi cikin kyakkyawan rubutu, ana ratayewa a ɗaki.

Saboda haka fuskar sarauta ta farko da kakanninmu suka riƙe a hannu ta baƙi ce. Liyari, kuɗin azurfan nan da ya yi yawo a kasuwannin Kano da Barno a ƙarni na 19, yana ɗauke da kan Sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, da shekarar 1780. Da Ingilishi suka zo sai ga sule da kan sarkinsu, ga kuma 'yar takardar da ake manna wa wasiƙa, wadda har yau ba mu da wani suna da muke kiranta da shi sai "kan sarki". Sunan kaɗai ya isa ya nuna abin da ya fara ɗaukar hankalin mutane a jikinta. Bayan Turawa sun shiga Zariya a 1902, kyamara ce ta riga buroshi isa ƙofar fada. Layin dogo da ya kai Kano a 1911 ya ratsa ta Zariya, Sabon Gari ya tsiro a gefensa, kuma a irin waɗannan unguwanni na baƙi ne masu ɗaukar hoto suka buɗe shaguna.

Yadda ta sauka a Samaru

Fentin mai ta kudu ya shigo Najeriya. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, da kansa ya koya, yana kwaikwayon hotunan mujallun Turawa, a zamanin da ake cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito sak ba. Manyan Legas ya riƙa zanawa. Sai a 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo a 1922 ya dage sai an sa zane cikin darussan makarantu. Dagewarsa ce ta kawo malami Kenneth Murray a 1927, cikin ɗalibansa kuwa har da Ben Enwonwu. Bayan ziyarar Sarauniya Elizabet ta 1956, wadda aka yi mata hawan daba a Kaduna, Enwonwu ne aka ba aikin ƙera mutum-mutuminta na tagulla, ta zauna masa a fadarta a 1957. Shi ne kuma ya zana Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, da fentin mai a farkon shekarun 1970. Ɗaya daga cikin zanen ya ɓulla a wani gida a Landan, aka sayar da shi a 2018 a kan fam miliyan 1.2.

A 1955 aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya, a harabar Samaru da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mai karatu ya dubi wannan al'amari: makarantar farko a ƙasar nan mai koyar da zanen Turai a matakin gaba da sakandare, sai ga ta 'yan kilomitoci daga ganuwar birnin da sarkinsa ke rufe fuska. Malaman galibi Ingilishi ne, tare da Clara Ugbodaga-Ngu 'yar Najeriya, manhajar kuwa ta Landan ce. Ɗaliban farko mafi yawansu daga kudu suka zo.

A 1958 wasu daga cikinsu, Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Ba dabarun Turawa suka ƙi ba. Sun ƙware a cikinsu. Abin da suka ƙi shi ne a ce dabarar ba ta da abin faɗa sai abin da Landan ta faɗa. Suka ce kowa ya koma ya tono gadon gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Okeke, wanda a Kafanchan ya tashi, ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Wani abokin karatunsu, Jimoh Akolo, ya juya ga Arewa: zanensa na mahaya dawaki Fulani na 1962 yana cikin sanannun ayyukan wancan zamani. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma da gidan zane na Tate a Landan ya shirya baje-kolin zanen Najeriya a 2025, ayyukan waɗannan samari na Samaru na cikin abin da aka je kallo.

Wani abu da na lura da shi: mafi shaharar abin da makarantar Zariya ta zana game da sarautar Arewa hawan daba ne, ba fuskar sarki a zaune ba. Dawakai, rawuna, ƙura, laima, kakaki. Kamar dai buroshin ya zo ya tarar da al'adar wurin, ya bi ta ba tare da an ce masa ya bi ba. Wanda ya fuskanci "sarki" kai-tsaye shi ne Gani Odutokun, malami a sashen, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995. Shi kuwa a zamanin soja ya yi nasa, yana tsinka fentin mai ya kwarara shi a kan yadi, sarakunansa ba su da suna, ɗaya daga cikinsu yana raha da janar-janar ɗinsa. Ya ɗauki sana'ar da aka ƙirƙira don yabon mai mulki ya mai da ita zambo.

Abin da malamai suka ce

Yanzu sai mu dawo kan tsoron ɗan ƙanwata, kuma ba zan yaudare shi ba: abokansa ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, sun kuma nuna mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da take. Akwai labarin labulen Nana A'isha (RA) mai surori, wanda aka sauke aka mai da shi matasan kai. Akwai mutumin da ya gaya wa Ibn Abbas (RA) cewa da zane yake ci, ya ba shi shawarar ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Ibn Abbas ɗin ne kuma ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) da aka ambata a Alƙur'ani asalinsu sunayen mutanen kirki ne, aka yi musu siffofi don tunawa, da zamani ya ja aka bauta musu.

Inda malamai suka rabu shi ne iyakar hanin. Imamu Nawawi ya tafi a kan cewa zana mai rai haramun ne, mai inuwa ko marar inuwa. Mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, kamar yadda Shaihu Dardir ya fayyace, ya bambanta: haramun shi ne mutum-mutumi mai inuwa kuma cikakken gaɓoɓi, zane a takarda ko bango makaruhi ne in ana girmama shi, in kuwa a abin da ake takawa yake, barinsa ne kawai ya fi. Suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a hadisi game da zanen jikin tufa. Da kyamara ta zo, Muftin Masar Shaihu Bahit al-Muɗi'i ya rubuta risala yana cewa hoto tsare inuwa ne kawai, ba ƙirƙirar sura ba; Shaihu Bin Baz kuwa bai yarda da shi ba sai don lalura.

A nawa ɗan gani, ko a kan ra'ayi mai sauƙin ma, zanen sarki shi ne ya fi kowane zane matsowa bakin rami. Ba don fentin ba, ba don ƙwarewar ba. Don an yi shi ne musamman a rataye shi sama a girmama. Wanda ya zana manomi a gona da wanda ya zana basarake don a ɗora a saman kujerar mulki, ba tambaya ɗaya za su kai wa malami ba. Wannan bambancin ne nake son yaron ya tafi da shi a bakinsa.

Akwai kuma wata fitina da ta fi kusa da masu yawo a intanet. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ba a kuwa sanar da duniya ƙirƙirar hoto ba sai a 1839. Saboda haka duk "hoton Shehu" da aka turo maka a waya, ko na wani bawan Allah ne daban, ko kuma tunanin mai zane. Clapperton ya gana da Bello a Sakkwato a 1824, abin da ya bar mana siffantawa ce da alƙalami. Shehu al-Kanemi na Barno ne aka dace da zanensa, wanda Denham ya yi aka buga a littafin tafiyarsu a 1826. Sarauniya Amina ma, wadda ta fito a kan sarki a 1975, babu wanda ya san kamanninta. Fuskar da yaran Zariya suka haddace a matsayin tata, wani ne ya zauna ya ƙago ta. Yanzu da kwamfuta ke ƙaga irin waɗannan fuskoki cikin daƙiƙa, har na ga wanda ya sa ɗaya a fuskar wayarsa don neman albarka.

Yaron dai bai yanke shawara ba tukuna, ya ce sai ya ga malaminsa na fiƙihu bayan Sallah. Amma da na leƙa gidansu a Jushi makon jiya, na tarar ya aro rawanin kakansa ya naɗa a kan tulu, ya yafa masa tsohuwar alkyabba, yana fama da buroshi. Ya ce mini kwana tara ke nan yana kan farin rawanin, don ya gano babu fari ko ɗaya a cikinsa, sai shuɗi-shuɗi da toka-toka da ruwan ƙasa. Ƙurar hunturu kuma ta hana shi sakat, kullum da safe sai ya tsince ta daga ɗanyen fentin da bakin allura.